Uwaisu Mai Sandar Feshi

Ƙanena Uwaisu bai taɓa mallakar ko taki ɗaya na gona ba, amma daga Riko zuwa Ɗan Isa babu gonar waken da bai taka ba. Ni ce Luba mai ɗanwake, wadda ke zama a bakin shingen iyaka na Magama inda manyan motoci ke jiran a duba takardunsu. Ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, ni na yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, saboda haka in ina ba da labarinsa kada wani ya ce mini in yi haƙuri. Haƙurin ya ƙare tuntuni. Bawan Allahn nan bai ajiye dukiya ba, bai bar ’ya’ya ba. Abin da ya tara a duniya suna ne, na mutum mai gaskiya a aikinsa, shi kuma aka ƙwace masa da rana tsaka a gaban jama'a.

Tun yana ƙarami shiru-shiru ne, irin shirun nan mai ba ni haushi. Ka mare shi ya tsaya yana kallon hannunka kamar hannun yake tausayi. Abin da ya iya shi ne kwance tocila da rediyo ya mayar. Da ya girma ya sami aikin lebura wurin wasu masu koyar da noman zamani da suka yi sansani a Riko, tun kafin a gama dam ɗin Jibiya. Su suka zo da sandar feshin. Da aikinsu ya watse za su tafi, babbansu ya bar masa guda, ya ce a duk leburorin Uwaisu kaɗai ne bai taɓa lalata tasa ba.

Sandar ba ta da wani kyan gani. Tsawonta kamar taɓarya, ba nauyi, batir huɗu a gindi, ’yar kwalbar magani a kife a kai. Ba ta shan ruwa ko cokali guda. Sai wata siririyar waya da ke fitowa daga gindin tana jan ƙasa a bayan mai riƙe da ita, wadda mutane ke kira wutsiya. Ni ban yi boko ba, amma ya yi ta mini bayanin har na haddace don dole. In ya danna maɓalli, wutar batir ɗin sai ta ƙaru a cikin sandar ta taru a bakin kwalbar, ta riƙa jan maganin yana fita zare-zare, zaren ya tsittsinke ya zama ɗigo ƙanana da ido ba ya gani. Kowane ɗigo ɗauke yake da wutar, shi ya sa ba ya faɗuwa ƙasa kamar ruwa. Ganye yake nema, ya yi kwana ya manne a ƙarƙashinsa, daidai inda ƙwari ke ɓuya.

Na taɓa ce masa ya yanke wutsiyar nan da ke sa ana masa dariya a hanya.

Ya ce, "Yaya, ita ce kariyata. Sauran wutar ta nan take bi ta koma ƙasa. In babu ita, mai riƙe da sandar shi ne ganyen."

Don haka ma ba ya sa takalmin roba in yana aiki. Ƙafa tsirara yake shiga gona, ƙaya ta yi ta cin rabonta, ni kuma in yi ta cire masa da allura ina zaginsa.

To amma manomi ba ya yarda da feshin da bai jiƙa ganye ba. Sai Uwaisu ya samo dabara. Zai yi sammako, lokacin da rana ta ɗago kamar tsawon mutum, ya tsayar da mai gonar ta inda zai fuskanci ranar, ya ce masa ya duƙa ya duba saitin shukar. A nan kaɗai ake ganin abin, wani siririn hazo yana ƙyalli, yana lanƙwasawa yana shiga ƙarƙashin ganye. Na ga dattawa da furfurarsu sun yi tsugunne suna salati. Bayan sati biyu furen wake ya daina kakkaɓewa, sai ka ga maƙwabcin gonar ya zo da ƙafarsa yana neman layi.

Da kwalaben da aka bar masa suka ƙare, kowa ya ce shi ke nan, sanda ta zama ta kiwo. Ina! Damina biyu ya yi yana haɗe-haɗe a bayan ɗakina, maganin ƙwari na gwangwani daga Maraɗi, da ɗan kananzir, da man gyaɗana da ya ishe ni da roƙo, har ya gano haɗin da ke yin zaren. Batir ya yi tsada, sai wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ɗan Maraɗi, ya kawo masa tsohon farantin sola da baturan da ake yi wa caji. Kullum farantin na shanye bisa rufin rumfata. In ya sauko da shi da la'asar sai ya goge shi da hannun riga yana murmushi shi kaɗai, ya ce rana ke ba shi wutar, rana kuma ke nuna wa mutane aikinsa.

Ashe akwai wanda abin ke ci wa rai. Maɗugu ke nan, mai babban shagon magungunan gona a Magama, wanda muke kira Alhaji saboda ƙiba da babbar riga, alhali ko filin jirgi bai taɓa gani ba. Shi tankin goyo yake sayarwa, mai shan jarka-jarkar ruwa da gwangwani-gwangwanin magani. Duk gonar da Uwaisu ya shiga, Maɗugu ya rasa mai saye. Ya aika a ce ya sayar masa da sandar. Uwaisu ya ce kyauta aka ba shi, ba ya sayar da kyauta.

Sai ga daminar da aka ƙaddamar da Shari'a. Wallahi ni ma na yi kabbara har muryata ta dishe, don na gaji da mashayan da ke fitsari a bayan rumfata. Kotu na nan, alƙali na nan, ba su nake zargi ba. Amma a irin wannan lokaci kowane ɗan iska sai ya nemi rawani ya naɗa. Maɗugu ya tara wasu ’yan zaman kashe wando, ya ɗinka musu riguna iri ɗaya, ya ce su ne kwamitin gyaran unguwa. Babu wanda ya naɗa su, babu kuma mai iya tambaya, kada a ce ba ya son addini.

Ranar wata Lahadi da safe, kasuwar Jibiya na ci, hanya cike da mutane, suka tare Uwaisu a gaban rumfata yana saɓe da sandar zai tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa. Maɗugu ya karyo reshen darbejiya ya soka a ƙasa, ya ce ya fesa kowa ya gani. Wawan nawa har fara'a ya yi, yana zaton talla ce ta zo masa a sama. Ya jera mutane suka fuskanci rana, ya danna. Hazon ya fito, ya yi kwana, ya haura ƙarƙashin ganyen.

Maɗugu ya ɗaga hannu. "Jama'a, kun gani da idonku. Tun da Allah ya halicci ruwa ƙasa yake nufa. Wane ruwa ne ke da ido, har ya yi kwana ya hau bisa? Wa ke tura shi?"

Wani daga baya ya ce, "A'uzu billahi!" Shi ke nan, magana ta zauna.

Uwaisu ya fara in-ina yana batun batir. Maɗugu ya duƙa ya ɗago wayar. "Ga igiyar da abin ke biyowa daga ƙasa. Wa ya taɓa ganin shi da takalmi in yana wannan aiki? To ku tambayi kanku." Ya zaro wuƙa daga aljihu.

"Alhaji, kar ka yanke," in ji Uwaisu. "In babu ita zai cutar da mutum."

"Kun ji ko? Barazana yake mini da abin nasa!"

Ya yanke ta daga gindi ya wurga a kwata. Suka karɓe sandar da kwalbar, suka hau rufin rumfata suka sauko da farantin, suka ce daji za su kai su ƙone. Sannan suka sa ƙanena, mutum mai shekara arba'in, ya durƙusa a kan kwalta ya ce ya tuba sau uku da ƙarfi. Kuma ya faɗa! Ni kuwa na ciko ludayi da tafasasshen ruwan ɗanwake, mata uku suka riƙe ni. Na yi ta ihu ina cewa in boka ne a kai shi gaban alƙali a kawo shaidu. Maɗugu ya ce ai rufa masa asiri ake yi saboda darajar iyayenmu. Munafuki! Ya san alƙali hujja zai nema.

Daga ranar sunan Uwaisu ya koma boka. Mutanen da ya cika wa rumbu suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. A masallaci na kusa da shi ya riƙa janye kafaɗa. Ya je neman dako a tasha, ’yan kasuwa suka ce kada ya taɓa musu buhunan hatsi. Sai ya dawo ya zauna a ɗaki yana gyaran wata matacciyar rediyo da ba ta da mai ita. In na kai masa abinci ya ce, "Bari Yaya, Allah na gani." Ni kuma in ce na san yana gani, amma ni ma ina son in gani.

Ban daɗe ina jira ba. Sati shida bayan haka ƙwari suka sauka wa wake, irin saukar da tankin goyo ba ya yi wa komai. Wata Talata da la'asar na dawo gida ke nan, sai ga Yahaya, ƙanen Maɗugu, ya faɗo zauren gidanmu yana haki, riƙe da wani abu naɗe a tsumma.

"Luba, don Allah don Annabi, ina Uwaisu?"

"Mi ya yi kuma? Wani aljanin ya kuɓuce?"

Ya buɗe tsumman. Kwalbar sandar ce, wadda aka ce an ƙone. A nan ya zayyana mini kome, don tsoro ya kwance masa baki. Ashe Maɗugu ɓoye kayan ya yi a shagonsa. Yana da wata ƙatuwar gonar wake a tsallaken iyaka, da ya ga za ta tashi a tutar babu sai ya ɗauki sandar ya tafi shi kaɗai, don ba ya son ko lebura ya gan shi da abin da ya kira tsafi. Ya sa sabon takalmin roba har gwiwa, ya shiga gona da sanda ba wutsiya. Tun hantsi yake feshi har azahar. Wutar na ɗan tsunkulinsa yana daurewa, maiƙo na taruwa a fuskarsa da wuyansa yana zaton gumi ne. Wani makiyayi ne ya ishe shi kwance tsakanin kunyoyin gonar yana amai, yawu na dalala, jiki na rawa. Yanzu an tsallako da shi ƙaramin asibitin Magama, malamin asibitin, wani baƙo mai suna Mudathir, ya ce ba zai yi masa allura ba sai ya san irin maganin da ke cikin kwalbar, don allurar wani in aka yi wa wani ƙarasa shi za ta yi. Kwalbar kuwa ba rubutu, haɗin Uwaisu ne.

Wallahi ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mini tun daga maƙogwaro har ciki. Na mayar da ƙofar cikin gida na danna sakata, na jawo turmi na kife na zauna a kai.

Na ce, "Yahaya, Uwaisu na ciki, kuma ya san abin da ke kwalbar. Amma ba zai fito ba sai ka koma ka ɗauko sandar, ka je bakin shinge inda aka durƙusar da shi, ka ɗaga ta ka gaya wa jama'a inda aka same ta da wanda ke riƙe da ita."

"Luba, numfashi yake da ƙyar!"

"To ka yi sauri mana. Shinge ba nisa."

"Ki ji tsoron Allah. Rai ne fa."

"Ranar nan kana tsaye, na gan ka. Tsoron Allahn a gida ka baro shi?"

Ya durƙusa, ya kama ƙafata, ya yi kuka da majina. Ban motsa ba. Na san zai je, don na ga ya fara duban hanya. Saura ƙiris, wallahi saura ƙiris sunan ƙanena ya dawo masa a ranar. Sai na ji shirun cikin gida ya yi yawa. Na zare sakata na leƙa. Ɗakinsa a buɗe, dangar baya a turmushe, buhun da yake tara gwangwanayen maganin da suka ƙare babu shi. Ya ji kome ta bango, ya tsallake ta baya ya sheƙa asibiti da gudu.

Mudathir ya karanta jikin gwangwanin, ya yi allurar, ya sa aka tuɓe Maɗugu aka wanke shi da sabulu. Uwaisu da kansa ya riƙa ɗebo ruwan. Kwana huɗu aka sallame shi.

Ku ji sakayyar. Sati bai cika ba Maɗugu ya zauna a ƙofar shagonsa bisa darduma, ’yan sannu na zuwa, yana ba su labari. Wai daji ya kai kayan zai ƙone, abin ya tashi ya buge shi. "Likita ya rasa gane kan ciwon," in ji shi, "sai ga mutumin ya zo da makarin a cikin buhu, ba wanda ya kira shi. Wa ya san makari in ba wanda ya yi jifan ba?" Mutane suka yi ta jinjina kai. Mudathir ya faɗi gaskiya ga duk wanda ya tambaye shi, amma baƙo ne, ba a daɗe ba ma aka yi masa canjin wurin aiki. Yahaya kuwa ya ɗinke bakinsa. Da can boka ake cewa, yanzu aka ƙara da mai jifa. Mata suka daina sayen ɗanwakena na tsawon wata biyu.

Da kaka ta yi Uwaisu ya ɗaure kayansa, ya ce zai koma wani ƙauye gaba da Ɗan Isa inda ba a san shi ba. Na raka shi har shinge. Da zai hau mashin na kasa daurewa.

Na ce, "Ka ga abin da kirkinka ya ja mana? Da ka zauna minti goma!"

Ya ce, "Yaya, da ya mutu cikin minti goman, haɗina ne ya kashe shi."

Na ce ya tafi ya ba ni wuri. Wannan ce maganar ƙarshe da na yi masa a ƙasarmu, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Shekara uku ya yi can yana gyaran rediyo a gindin wata bishiya. Tari ya kama shi, ya ƙi aiko mini sai da abin ya ci ƙarfinsa. Na ishe shi da sauran numfashi, ya tambaye ni ko an daina faɗin abin nan a Magama. Na yi masa ƙarya na ce an daina. Can aka binne shi, mutum bakwai a kan gawarsa.

Bayan shekara guda Maɗugu ya biya kujerar Makka. Kun san yadda maniyyaci ke yi, ya bi gida-gida yana neman a yafe masa kafin ya hau jirgi. Ana gobe za su tafi sansanin alhazai, da hantsi, lokacin da layin motoci ya kai har kwana, sai ga shi a rumfata cikin farar shadda. Ya jira mai saye ya tashi, ya duƙo kusa da tukunya, ya yi ƙasa da murya yadda ko ƙuda ba zai ji ba.

"Luba, tafiya ta zo. Abin da ya wuce tsakanina da marigayi, a yafe."

Na ajiye ludayi, na miƙe, na gyara ɗaurin zane. Muryar da nake kiran direbobi da ita daga tsallaken titi, ita na buɗe.

"Jama'a! Ku taho ku ji! Ga Alhaji Maɗugu ya zo neman gafarar Uwaisu!"

Ya ce, "Ke, Luba, mi ye haka?" Amma ina, an riga an juyo. ’Yan dako suka ajiye buhuna, masu mashin suka kashe inji, ’yan canji suka matso. Rabe, sarkin ’yan dakon tasha, tsoho ne da ba ya tsoron kowa, ya ratso ya tsaya a gabansa.

"Alhaji, boka ake neman gafararsa? Mi ka yi mashi?"

Maɗugu ya dubi hanya, ba wurin fita. Na ce, "Gobe za ka kama hanyar Ɗakin Allah. In ƙanena boka ne, ɗaga hannu ka rantse a nan, ni kuma in durƙusa a kan kwaltar nan in ba ka haƙuri. Rantse!"

Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙarya bisa darduma, ranar ya kasa, don yana tsoron hawa jirgi da rantsuwar ƙarya a wuyansa.

"Ba boka ba ne," in ji shi.

"Ɗaga murya, kamiyo na gunji."

"Ba boka ba ne! Inji ne kawai. Ni na ɓoye shi, ni na yi feshi da shi a gonata. Shi ya cece ni."

Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka janye kafaɗa a masallaci, kowa ya sunkuyar da kai. Rabe ya tofar da yawu ya ce, "Tir." Maɗugu ya juyo gare ni, idonsa jajur.

"To na faɗa. Kin yafe?"

Na ce, "Ni ka durƙusar? Wanda ka yi wa yana kwance gaba da Ɗan Isa. Da ka zo yana da rai, kafin ka rufe baki ya yafe maka, har ya ba ka wurin zama, don haka Allah ya yi shi. Ka bari ya mutu. Yanzu babu mai yafe maka a madadinsa, ka je ku haɗu a can. Nawa kason kuwa, na uwar da ta goya shi, ban yafe ba."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya, mutane suka dare masa ba wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa na manta da girkina, sai da Rabe ya sauke mini tukunyar don ɗanwaken ya fara kamawa.